Ranar da Mataimakin Firayim Minista Ya Fasa Katanga

Shekara goma sha huɗu ke nan da muka rufe Ishaya a Romi, amma har yau in na ji wani mataimaki a rediyo yana kukan an mayar da shi ɗan rakiya, shi ne yake faɗo mini a rai. Ishaya bai taɓa cin albashin gwamnati ba. Makanikin injin saƙa ne a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, mutum gajere mai faɗin kafaɗa, wanda kullum za ka tarar da auduga maƙale a gashinsa kamar furfura ta zo masa da wuri. Sai dai iya karatuna, shi kaɗai ne ɗan ƙasar nan da ya taɓa riƙe muƙamin mataimakin firayim minista. Ni na naɗa shi, don haka ina ganin ina da ikon ba da labarin.

A shekarar da soja suka miƙa mulki, 1979, ni matashin malami ne mai koyar da darasin gwamnati a wata sakandare. Na yi shekaru ina koya wa yara zaɓe alhali ba su taɓa ganin akwatin ƙuri'a ba, kamar mai koyar da iyo a tsakar gida. Ɗakina yana jikin na Ishaya da matarsa Rifkatu, dukanmu 'yan haya a gidan Alhaji Mudi, ɗan kasuwa mai sayar da atamfa.

Layinmu ba shi da famfo. Rijiyoyin gidaje kan ƙafe tun kafin zafi ya yi nisa, sai mata su ɗauki bokiti su tsallaka layin dogo zuwa famfon bakin kasuwa. Rifkatu takan yi sawu uku kafin jiniyar masaƙa ta yi kukan safe. Ƙungiyoyi biyu muke da su a layin, kuma ba su ga maciji da juna: ta masu gidaje, wadda Alhaji Mudi ke shugabanta, da ta 'yan haya, wadda Ishaya ke ja. Masu gidaje ba su cika benci biyu ba, amma ƙasar tasu ce. Mu 'yan haya mun cika layin, amma ko wurin kafa turke ba mu da shi.

Da aka zaɓi sabon ɗan majalisarmu, sai kowace ƙungiya ta aika masa takardar neman famfo. Ni na rubuta duka biyun, domin ni ke da alƙalami mai kyau da Turancin ofis, kuma ban ga dalilin da zai sa in gaya wa wani ɓangare cewa ɗayan ya riga shi ba. Ɗan majalisar ya jera takardun a kan teburinsa, ya dube su, ya dube mu. Ya ce famfo ɗaya zai iya nema wa layin, kuma hannun da ya rubuta takarda biyu zai iya rubuta ɗaya. Mu je mu haɗe, mu dawo da shugabanci guda.

Nan aka tsaya. Masu gidaje suka ce ba za su bi ɗan haya ba. 'Yan haya suka ce a yi zaɓe, masu gidaje suka ce sun iya lissafi. Aka ce to Alhaji ya zama shugaba, Ishaya mataimaki, sai Rifkatu ta ce ita ta san aikin mataimakin shugaba, shi ne mai jera kujeru kafin taro, kuma mijinta yana da ciwon baya.

A nan ne na ga damar da malami yake jira shekara da shekaru, wato wani ya buƙaci abin da yake koyarwa. Na miƙe na yi musu bayanin yadda ake yi a ƙasashen da ke bin tsarin firayim minista, idan babu jam'iyyar da ta samu rinjaye. Jam'iyyu biyu kan haɗa gwamnati, shugaban ɗaya ya zama firayim minista, shugaban ɗayar ya zama mataimakinsa. Na ce wannan mataimakin ba yaron kowa ba ne, domin yana da jama'arsa, kuma ranar da ya tashi da su, gwamnati ta rushe. Ƙasar tana murnar komawa tsarin shugaba mai cikakken iko, ni kuwa na jawo layinmu zuwa wancan, saboda shi ne babin da na fi ƙwarewa a kai.

Ishaya ya ɗaga hannu kamar ɗan aji.

"Ticha, to mene ne aikinsa?"

Na ce gaskiya littafi bai fayyace ba. A wata ƙasar akan haɗa masa da ma'aikata, a wata kuma sunan ne kawai. Abin da aka tabbatar shi ne yakan riƙe gwamnati in firayim minista ya yi tafiya. Sauran aikin shi ne ya zauna, kada ya tafi.

"Wannan zan iya," in ji shi.

Ƙa'ida ta biyu da na karanto musu ita ce ta fi ba su wahala: shugabannin biyu suna iya yin faɗa yadda suke so a ɓoye, amma a gaban jama'a bakinsu ɗaya. Alhaji Mudi ya ce ƙa'idar ta yi, amma a ina za a yi faɗan? Gidansa da iyali, ɗakin Ishaya kuwa ciki ɗaya ne, ko tari ka yi Ticha na ji. Sai suka zaɓi bakin layin dogo, can gaba da inda mata ke tsallakawa. Juma'a ta Alhaji ce, Lahadi ta Ishaya, don haka aka ba faɗa Asabar.

Kusan shekara guda suka yi suna wannan. Duk Asabar da hantsi za ka gan su sun fita tare, suna gaisawa da mutane, har su kai wurin. Sai Alhaji ya tsaya a wannan gefen dogo, Ishaya a wancan, su yi ta ɗaga murya. Magana ɗaya ce: ina za a kafa famfon? Alhaji yana so a sa shi cikin katangar gidansa, a yi ƙofa, saboda yara da awaki da masu barin ruwa yana zuba. Ishaya ya ce duk inda aka yi ƙofa wata rana za a saya mata kwaɗo. Shi yana so a sa a filin bakin dogo. Alhaji ya ce filin ba namu ba ne, masu shi za su zo su tumɓuke, kuma wane mai hankali ne zai tara yara a inda jirgi ke wucewa? Abin takaicin shi ne duk su biyun suna da gaskiya. In sun gaji sai su dawo su sha shayi, kuma a taron wata-wata Alhaji ya miƙe ya ce ana tattaunawa, ana samun ci gaba, Ishaya ya gyaɗa kai. A lokacin gwamnan jiharmu da majalisarsa ba su jituwa, don haka nakan gaya wa ɗalibaina cewa in suna son ganin gwamnati mai zaman lafiya su zo layinmu.

Yanzu duk zaɓe sai ka ji jam'iyyu sun haɗe, an yi hoto ana riƙe da hannun juna, bayan wata shida kuma a koma gidajen rediyo ana tonon silili. Na tabbata da Ishaya na nan zai ce matsalarsu ita ce ba su da layin dogo. Suna yin murmushin a ɗaki, su kawo faɗan kasuwa.

Da aikin hajji ya zagayo, Alhaji ya shirya zai kai mahaifiyarsa. Ranar tafiya ya miƙa wa Ishaya hatimin ƙungiya a cikin gwangwanin madara, ya ce, "Mataimaki, ga amana. Soja sun koma bariki, kada ka gaje su."

Bai yi mako biyu da tafiya ba, wata Talata da safe, sai ga babbar mota ta shigo layin da bututu da ma'aikata. Aka aiko aka kira ni daga makaranta, na bar 'yan aji huɗu da aikin rubutu. Na tarar layin ya cika. Shugaban ma'aikatan yana zaune a kan bututu yana cin gyaɗa, ya ce a nuna masa wuri kafin azahar, in ba haka ba unguwar Trikania suka nufa, can mutanen sun san abin da suke so, kuma bai san ranar da mota za ta sake biyowa ba.

Masu gidaje suka ce a sa inda Alhaji ya ce, in ba haka ba bututu ba zai bi ta ƙofar kowa ba. 'Yan haya suka ce filin bakin dogo. Rifkatu ta sauke gammo daga kanta, ta tsaya gaban mijinta.

"Baban Talatu, yau kai ne gwamnati. Nuna musu filin mu huta. Ko sai wuyana ya karye za ka san kana da hatimi?"

Ishaya ya jawo ni gefe ya tambaye ni abin da littafi ya ce. Na ce mai riƙo yakan yi abin da ba zai iya jira ba, ya bar wa mai kujera abin da zai jira.

"Wannan zai jira?"

"Har azahar."

Sai ya juya ya gaya wa jama'a cewa ba zai yanke komai ba sai ya tuntuɓi Alhaji. Wani ya ce, "Alhaji fa yana Makka." Ya ce ya sani. Ya ce in biyo shi, ana buƙatar shaida.

Muka je bakin dogo, wurin da suka saba. Ishaya ya tsaya a gefensa ya ce, "Alhaji, mota ta zo, ni a fili zan sa." Sai ya tsallaka ƙarfen, ya juyo, ya gyara murya, ya yafa hannun babbar rigar da ba ya sanye da ita, ya ce da muryar Alhaji sak, "Ishaya, kai dai ba ka da aiki sai gardama. Filin na ubanka ne?"

Da farko dariya na yi har na zauna a kan dutse. Daga baya na daina. Mutumin nan ya yi shekara yana sauraron abokin faɗansa, kuma bai rage masa komai ba. Duk hujjar Alhaji sai da ya kawo ta, wasu ma ya fi mai su iya jera su. Sau biyu na ga ya tsallako gefensa ya rasa abin cewa. Ya yi ta kai da kawo, gumi ya jiƙa masa riga, har ya kai ga wata magana da ya ce Alhaji kan yi ta duk mako in faɗa ya zo ƙarshe, shi kuma bai taɓa tsayawa ya ji ta ba saboda a lokacin yana shirya tasa amsar.

"Ni fa ba ƙofa ce ta dame ni ba," in ji shi da muryar Alhaji. "Mahaifina ya haƙa rijiya a garinmu, har gobe ana sha ana sa masa albarka. Ni me zan bari, atamfa?"

Ya tsaya a tsakiyar dogon na ɗan lokaci. Sannan ya koma gefensa a hankali.

"To Alhaji, a ƙasarka za a sa. Amma ba ƙofa."

Ya tsallaka. "Ta yaya, alhali gidan a zagaye yake?"

Ya dawo. "Kusurwar baya, wajen gwanda, wadda ke kallon lungunmu. A fasa katangar, a ja ta ciki, kusurwar ta zama waje."

Ya tsallaka, ya yafa riga, ya buɗe baki, ya rufe. Ya dube ni.

"Ticha, ya yi shiru."

Na ce shirun Alhaji me yake nufi?

"Bai yarda ba. Amma ya rasa amsa. Rubuta."

Na sha tunanin cewa da a yau ne, da babu wannan labarin. Da wani ya ciro waya ya kira Alhaji, a nuno fuskarsa daga Makka, ya ce ba a taɓa masa katanga, shi ke nan mota ta wuce Trikania. Wayar hannu ta kashe aikin mataimaki. Maigida ba ya yin nisa kuma, don haka babu wanda yake buƙatar ya san abin da ke ransa, tambayarsa kawai ake yi, shi kuma ya ba da amsar da ta fara zuwa bakinsa.

Muka dawo. Ishaya ya yi sallama a zauren Alhaji ya shaida wa Hajiya, uwargidan, abin da zai yi. Daga bayan labule ta ce ita ba ta ji ba, ba ta gani ba, amma a bi a hankali da gwandarta. Ya karɓi guduma daga hannun ma'aikatan ya ce shi zai fara, don kada gobe a ce wani ne. Shi ya faɗar da bulo na farko.

Ban taɓa ganin hukuncin da ya ɓata wa kowa rai daidai wa daida kamar wannan ba. Masu gidaje suka ce juyin mulki ne, ɗan haya ya fasa gidan maigidansa, Alhaji na dawowa zai ba shi notis. 'Yan haya suka ce ya sayar da su, ya kai famfo ƙasar mai gida. Rifkatu, wadda da safe take cewa ya yi amfani da hatimi, da yamma ta ce ba ta ce ya yi amfani da guduma ba.

"Ruwa ya zo, ɗaki ya tafi. Sai mu kwana a gindin famfon, tunda babu ƙofa."

Ta shiga tara kwalaye. Duk wanda ya shiga ɗakinsu a makonnin nan zai tarar da kwanuka a ɗaure, kuma ba wasa take yi ba, domin a Kakurin wancan lokaci, da masaƙu ke cike, samun ɗaki ya fi samun aiki wuya. Ishaya ya ci gaba da zuwa aiki, yana gaida mutanen da ba su amsawa. Ruwa dai ya zo, kuma na lura duk masu fushin suna aiko bokitansu.

Ranar da Alhaji ya dawo, bayan an gama taryarsa, ya zaga bayan gida. Ya tsaya yana kallon inda kusurwarsa take a da. Matan da ke layin ɗiban ruwa suka shiga yi masa barka da sauka, wata tsohuwa ta ce Allah ya sa ya sha a Aljanna kamar yadda ya shayar da su. Ya amsa da amin, fuskarsa ba ta nuna komai ba. Ya juyo ya ga Ishaya. Kalma ɗaya ya ce masa.

"Asabar."

Aka sake kirana shaida. Da muka isa, kowa ya kama gefensa.

"An ce ka tuntuɓe ni."

"Na tuntuɓe ka, Alhaji."

"Me na ce?"

Ishaya ya fara bayani, Alhaji ya ɗaga hannu. "A'a. An ce har muryata ka yi. Yi in gani."

Haka Ishaya ya sake yin faɗan tun daga farko, yana tsallake-tsallake, mai muryar yana tsaye yana kallo. Sau ɗaya Alhaji ya katse shi, ya ce ba haka yake yafa riga ba, ya nuna masa. Da aka zo maganar rijiyar mahaifinsa, sai ya kawar da kai yana duban wajen masaƙa. Ishaya ya kai ƙarshe, inda Alhajin nasa ya yi shiru.

"Ka manta hujja ɗaya," in ji Alhaji na gaske. "Da ina nan da ban yi shiru ba."

"Wacce?"

Daidai nan jirgin kaya ya taho, kowa ya ja baya, ya raba su. Dogon jirgi ne, ya ba Alhaji lokaci mai yawa. Da taragon ƙarshe ya wuce, muka gan shi tsaye yana shafa gemu.

"Zan tuna," in ji shi.

Daga nan ya yi awa guda yana faɗa a kan yadda aka ja sabuwar katangar a karkace. Ishaya ya amsa laifin wannan.

A taron da ya biyo baya masu gidaje sun zo da shirin ganin an kori mutum. Ni kuma ina ta tunanin yadda wanda ya sauko daga Makka jiya-jiya zai kare mataimakinsa ba tare da ya yi ƙarya ba. Alhaji ya miƙe ya ce, "Game da katanga, an tuntuɓe ni. Gwamnati ce ta yanke, kuma bakinmu ɗaya." Ya zauna. Ishaya ya gyaɗa kai. Da yamma na ji ƙarar kwanuka ta bango, Rifkatu tana kwance ɗauri. Sun ƙara shekaru masu yawa a ɗakin nan, har Ishaya ya gina nasa a Romi.

Famfon Alhaji ake kiransa, kuma Ishaya bai taɓa gyara wa kowa ba. Yanzu ya daɗe da ƙafewa, masaƙun sun yi shiru, Keke Napep ne ke juyawa a inda muke taro. Bayan rigingimun da suka sa kowa ya nemi unguwar da zai fi samun barci, iyalin Alhaji sun koma Tudun Wada, gidan ya shiga wani hannu. Amma kusurwar tana nan a waje. Sabon mai gidan ya haƙa rijiyar burtsatse, kuma da ya tashi fito da kan famfo ga maƙwabta, a nan ya sa shi, domin ya tarar mutanen lungun sun ɗauka wurin nasu ne tun fil azal. In aka tambaye ni abin da Ishaya ya bari, ba zan ce suna ba, don sunan na wani ne. Ya bar taku huɗu na ƙasa da ba a taɓa sa wa kwaɗo ba.

Su biyun ba su daina haɗuwa ba ko bayan sun rabu da layin. Duk sallah Ishaya kan je Tudun Wada, duk Kirsimeti Alhaji kan zo Romi, kuma kafin a kawo abinci sai Ishaya ya ce, "Alhaji, an tuna?" Shi kuma ya ce ta kusa.

Ranar zaman makokin Ishaya, ɗan Alhaji ya kawo shi, ya tsufa ƙwarai, sai an riƙe shi. Ya yi wa Rifkatu ta'aziyya, sannan ya sa aka ajiye masa kujera kusa da tawa. Can sai ya taɓa gwiwata.

"Ticha, na tuna hujjar nan."

Na ce, "Alhaji, mece ce?"

Ya dube ni kamar yadda nakan dubi ɗalibin da ya shigo ajin da ba nasa ba.

"Kai shaida ne," in ji shi. "Ba kai za ka amsa ba."